Babi na Biyar: Wace Wuta Ce Ta Dace da Amfilifayarka?

"Na gama haɗa bod, komai ya zauna daidai, to wace taransifoma zan saya?" Kusan duk mai koyon haɗa amfilifaya sai ya yi wannan tambaya, kuma yawanci a makare yake yin ta. Zai kashe kuɗinsa a kan ayisi da kafasitoci da lasifika, ya kwana biyu yana fama da dalma, sai a ƙarshe ya tuna cewa abin nan sai an ba shi wuta. Daga nan sai ya ɗauko abin da hannunsa ya kai: cajar tsohuwar laftof, ko taransifomar da aka ciro daga mataccen rediyo, ko batirin babur. Wani lokaci sauti ya fito a shaƙe, wani lokaci kuma ayisin ya ƙone tun ba a ji komai ba.

A ganina da wannan tambaya ya kamata a fara, tun kafin a sayi ko da rezista ɗaya. Dalili kuwa yana cikin yadda amfilifaya take aiki.

Daga ina ƙarfin sauti yake fitowa?

Amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Duk wat ɗin da ya girgiza lasifika daga wajen mai ba da wuta ya fito, taransifoma ce ko batir ko caja. Ka ɗauki tankin ruwa da aka ɗora a sama da famfo a ƙasansa. Tankin shi ne mai ba da wuta, famfon shi ne amfilifaya, ɗan sautin da ke fitowa daga waya ko makirufo kuma shi ne hannun da ke buɗe famfon yana rufewa. Tsayin da aka ɗora tankin shi ne bolt, wato ƙarfin turi. Yawan ruwan da ke gudana a bututu shi ne amfiya. Komai kyan famfo, ba zai zubo da ruwan da babu shi a tanki ba, kuma idan turin ya fi ƙarfinsa, fashewa zai yi.

Abu biyu ke nan muke nema daga mai ba da wuta, bolt da amfiya, kuma dokarsu ba ɗaya ba ce.

Bolt a ƙa'ide, amfiya a wadace

Kowane ayisi yana da iyakar bolt da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta a takardar bayaninsa. Idan ka rubuta lambar ayisin a intanet za ka sami takardar kyauta, kuma layin da ya fi komai muhimmanci a cikinta shi ne na iyakar wuta. Ɗan ƙaramin PAM8403, wanda ake sawa a ƙananan lasifikun bulutut, bolt 5 yake ci, kuma da zarar an haura 5.5 an fita daga ƙa'idarsa. TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 26. TDA2030 iyakarsa bolt 18 a kowane ɓangare na wuta mai ɓangare biyu, wadda za mu bayyana a ƙasa, ɗan'uwansa TDA2030A kuma 22. TDA2050 yana tsayawa a 25, LM1875 a 30, TDA7294 a 40, LM3886 a 42. Waɗannan lambobi bakin rami ne, ba wurin zama ba. Mai hankali yana barin tazara a ƙasansu.

Amfiya kuwa ba a tura ta, jan ta ake yi. Amfilifaya tana jan abin da take bukata ne kawai. Mutane da yawa suna tsoron cewa caja mai amfiya 10 za ta ƙona bod ɗin da ke bukatar amfiya 2. Ba za ta ƙona shi ba, muddin bolt ɗin daidai yake. Bod ɗin zai ja biyunsa ya bar takwas. Matsala tana ɗaya gefen: ka ba bod mai bukatar amfiya 5 caja mai amfiya 2. A nan ne za ka ji sauti yana karkarwa duk lokacin da ganga ta bugu, cajar ta yi zafi, ko ta riƙa ɗaukewa tana dawowa.

Wuta mai ɓangare ɗaya da mai ɓangare biyu

Kafin ka shiga kasuwa, duba inda wuta ke shiga bod ɗinka. Idan ramuka biyu ne, fositif da negatif, to wuta mai ɓangare ɗaya yake so, irin wadda batir ko cajar laftof ke bayarwa. Haka PAM8403 da TPA3116D2 suke, haka kuma ayisin rediyon mota irin su TDA2003 da TDA7388. Idan ramuka uku ne, fositif da negatif da giraun a tsakiya, to mai ɓangare biyu yake so: misali bolt 25 sama da sifili, da wani bolt 25 ƙasa da sifili. TDA7294 da yawancin bod ɗin LM3886, da manyan amfilifayoyi masu taransistocin 2SC5200 da 2SA1943, duk a haka suke aiki. Irin wannan wuta daga taransifoma mai wayoyi uku a mafita ake samun ta, wadda za ka ga an rubuta 12-0-12 ko 24-0-24 a jikinta. Wayar tsakiya ita ce giraun.

Wasu bod ɗin suna zuwa da dayod da manyan kafasitoci a kansu, a rubuce AC a bakin shigar wuta. Waɗannan kai tsaye ake haɗa su da taransifoma. Wanda aka rubuta masa DC kuwa, idan ka ba shi wutar taransifoma ɗanya, ka kashe shi.

Lambar da ke jikin taransifoma ba ita ke isa bod ba

A nan ne aka fi asarar ayisi, don haka bari mu tsaya sosai.

Wutar da ke fitowa daga taransifoma AC ce, tana hawa tana sauka sau 50 a daƙiƙa. Lambar da aka rubuta a jikinta, 12 ko 18 ko 24, matsakaicin ƙarfin wannan hawa da sauka ne. Ƙololuwar da wutar ke kaiwa ta fi haka da ninki 1.414. Bayan dayod ya mayar da ita DC, kafasita tana cika ne har zuwa wannan ƙololuwa. Saboda haka lissafin shi ne: ka ninka lambar da 1.414, ka cire kusan bolt 1 da dayod ke ci.

Taransifoma 12-0-12 za ta ba ka kusan bolt 16 a kowane ɓangare. 15-0-15 za ta ba da 20, 18-0-18 kusan 24 da rabi, 24-0-24 kuma 33. Wanda ya karanta cewa TDA2050 yana ɗaukar 25, ya je ya sayo 24-0-24 yana ganin har ya rage ɗaya, bolt 33 ya ɗora wa ayisin.

Lissafin bai ƙare ba. Ana auna lambar taransifoma ne lokacin da take ɗauke da cikakken kaya. Idan amfilifaya tana zaune shiru, wutar tana ɗagawa, a ƙananan taransifomomi har da kashi 10 cikin ɗari ko fiye. Sannan ga wutar gari. A ƙa'ida Nijeriya tana kan bolt 230, Nijar 220, amma duk wanda ya taɓa soka mita a soket ya san lambar ba ta zama wuri ɗaya. Da magariba, lokacin da unguwa duka ta kunna kaya, tana iya yin ƙasa sosai. Cikin dare kuma ta haura 240. Ƙaramin janareta shi ma yakan yi tsalle idan aka cire masa kaya mai nauyi kamar dutsen guga. Taransifoma ba ta gyara komai a cikin wannan: abin da ya ƙaru a shiga, shi zai ƙaru a fita. Ga shi kuma da yawa daga cikin taransifomomin da ke kasuwanninmu don bolt 220 aka naɗa su, ka ga ko a 240 sun riga sun ƙara kashi 9 cikin ɗari.

Ɗauki TDA7294 da taransifoma 28-0-28. A takarda bolt 38 da ɗoriya ne, ƙasa da iyakar 40. Ranar da wuta ta kai 250 a maimakon 230, sai ya zama 42. Shi ya sa nake ba da shawarar 24-0-24 ga wannan ayisi, 18-0-18 ga LM1875, 15-0-15 ga TDA2050, 12-0-12 ga TDA2030A. Wat kaɗan za ka rasa, kunne ma ba zai gane ba, amma amfilifayar za ta shekara tana aiki. Ka ƙara da cewa ayisin jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma ba sa jure abin da na asali ke jurewa.

Wani abin lura ga masu ciro taransifoma daga kayan gwanjo: kayan da aka yi don Amurka bolt 120 suke ci, na Japan 100. Ka karanta bayan akwatin kafin ka kwance. Idan ka soka irin wannan a wutarmu, nan take za ta ƙone, ta tafi da duk abin da ke gabanta.

Wat nawa za ka samu?

Bolt da om ɗin lasifika su ne suke yanke hukunci, ba rubutun kwali ba. Ka ɗauki bolt na ɓangare ɗaya, ka cire 3 ko 4 da ayisin ke riƙewa, ka ninka abin da ya rage da kansa, sannan ka raba da ninki biyu na om ɗin lasifika. Da bolt 25, abin da ya rage 21 ne. Sau kansa 441. A lasifika mai om 8, a raba da 16, an sami wat 27. A mai om 4 lissafi zai ce 55, amma amfiyar da za a ja ta ninka, zafin ma ya ƙaru, kuma ayisi irin LM1875 ba zai iya kai wa can ba. Wannan ne ya sa LM3886 yake son bolt 35 idan lasifika om 8 ce, inda yake ba da wat 50, amma a om 4 sai a sauke shi zuwa 28, ya ba da wat 68. Haka kuma idan ka jera lasifika biyu masu om 8 a kan mafita ɗaya, fositif da fositif, negatif da negatif, sun koma om 4. Masu haɗa sauti na masallaci da na wurin biki su riƙe wannan, domin a nan ne ake ta ƙara lasifika har amfilifaya ta gaji.

Da wannan lissafi za ka iya auna kowace da'awa. Wat 100 na gaskiya a om 8 yana bukatar ƙololuwar bolt 40, wato wutar da ta kai kusan 45 a kowane ɓangare. Bolt 12 kuwa, ko an haɗa ayisi biyu suna turi da ja, ba zai wuce wat 18 a om 4 ba. Manyan amfilifayoyin mota suna wuce haka ne saboda a cikinsu akwai sashen da ke ɗaga bolt 12 zuwa sama, kuma mai wat 300 zai ja fiye da amfiya 25 daga batir. Idan ka ga ɗan akwati an rubuta masa wat 1000, cajarsa kuma bolt 12 amfiya 2, ninka su: wat 24 ne duk abin da ke shiga.

Girman taransifoma

Amfilifayoyin ajin AB, wato duk dangin TDA da LM da muka ambata, ba sa mayar da dukkan wutar da suka ci sauti. Ko a lissafin takarda ba sa wuce kashi 78 da rabi cikin ɗari, a aikace kuma tsakanin 50 da 65 suke, sauran zafi ne. Don haka taransifoma ta kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na jimillar wat ɗin da kake so. Ana auna ƙarfinta da VA, wato bolt sau amfiya. Amfilifaya mai baki biyu, kowanne wat 30, tana son VA 100 zuwa 120. A kan 18-0-18, jimillar bolt 36 ke nan, sai amfiya 3 da 'yan kai.

Rubutun jikin taransifoma ba koyaushe yake faɗin gaskiya ba, amma nauyi ba ya ƙarya, domin ƙarfinta a ƙarfe da jan ƙarfe yake. Mai kusurwa huɗu ta VA 100 takan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Wadda aka ce amfiya 5 ce, amma ka ɗaga ta da yatsu biyu, ajiye ta. Idan za ka ba masu naɗin koyil su naɗa maka, ka faɗa musu bolt da amfiya duka, ka nemi wayar jan ƙarfe ba alminiyam ba, ka kuma ce a naɗa mashigar don 240. Taransifoma mai siffar zobe ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta cika watsa gurnani cikin sauti ba, sai dai ta fi tsada.

Dayod da kafasita

Ɗan dayod ɗin nan 1N4007 da ke cike da kowane shago amfiya 1 kawai yake ɗauka. Ba na amfilifaya ba ne. 1N5408 yana ɗaukar 3, ya isa ƙaramin aiki. Ga abin da ya wuce wat 30, ka sayi dunƙulallen birij irin KBPC3510 mai amfiya 35, ka ɗaure shi a jikin ƙarfen akwati. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma kana bukatar wannan rarar saboda a daƙiƙar farko ta kunnawa kafasitoci suna zuƙar wuta da yawa.

Bayan birij, wuta tana zuwa ne a guntu-guntu, sau 100 a daƙiƙa. Kafasita ce ke riƙe amfilifaya tsakanin wannan zuwa da wancan. Idan ta yi ƙanƙanta, bolt zai riƙa faɗuwa kafin guntu na gaba ya iso, kuma wannan faɗuwa ita ce ke fitowa a lasifika a matsayin gurnani. Idan ana jan amfiya 2, kafasita mai mikrofarad 4,700 za ta bar wuta ta riƙa faɗuwa da kusan bolt 4, mai 10,000 kuma da bolt 2. Ga ƙaramar amfilifaya 4,700 a kowane ɓangare ya wadatar. Daga wat 50 zuwa sama, ka fara daga 10,000.

Lambar bolt da ke jikin kafasita ta wuce wutar da za ta zauna a kanta: mai 35 ga wutar 25, mai 50 ga wutar 33. Ka duba ƙafafunta sau biyu, musamman a ɓangaren negatif, inda ƙafar fositif ce take komawa giraun. Kafasitar da aka juya tana fashewa, kuma tana iya samun ido.

Caja, batir da sola

Amfilifayoyin ajin D, irin TPA3116D2, sun sauƙaƙa wa mutane rayuwa. Suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wuta sauti, ba sa zafi sosai, kuma ɓangare ɗaya suke ci. Cajar laftof ta asali mai bolt 19 da amfiya 3.42, wato wat 65, za ta riƙe lasifika biyu masu om 8, kowacce ta sami kusan wat 20. Idan masu om 4 ne, ka nemi mai amfiya 4.74. Babbar falalar irin wannan caja a wajenmu ita ce tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240 ta fitar da 19 ɗinta ba canji, ko wutar gari ta yi ƙasa. Ga mai farawa, ban san hanyar da ta fi wannan aminci ba, tunda hannunsa ba zai kusanci wutar gari ba ko kaɗan. Aibinta ɗaya ne: idan aka ja fiye da ƙarfinta ba ta haƙuri kamar taransifoma, ɗaukewa take yi. Cajar jabu kuma takan sa tsuwa a cikin sauti.

Kada ka haɗa caja biyu a jere don samun ɓangare biyu. A yawancin masu ƙafa uku, negatif ɗin a haɗe yake da wayar ƙasa, kuma haɗa su gajeriyar hanya ce ga wuta. Akwatin wutar kwamfutar tebur yana ba da bolt 12 mai yawan amfiya a wayoyi masu ruwan ɗorawa, idan ka haɗa koriyar waya da baƙa don ya tashi. Shuɗiyar wayarsa ta negatif 12 ba ta kai amfiya 1 ba, ba za ta riƙe amfilifaya ba.

Batir shi ne mafi tsabtar wuta, babu gurnani ko kaɗan, shi ya sa ya dace da masallaci da makarantar da ba ta da tabbacin wuta. Amma sunansa ba shi ne awonsa ba. Batirin bolt 12 idan ya cika 12.6 ne, lokacin caji kuma yana kai wa 14.4. Wanda yake da sola mai batir biyu a jere yana cewa 24 gare shi, alhali da rana tsaka wutar tana kai wa 28.8, ta wuce iyakar 26 ta TPA3116D2. A irin wannan hali sai an sa ɗan bod mai rage wuta a tsakani, a tsayar da shi a 21 ko 22. Batiran lithiyam na 18650 kowanne 4.2 ne idan ya cika, uku a jere 12.6, shida 25.2. Faifan sola kuwa ba a haɗa shi da amfilifaya kai tsaye, domin wanda ake kira na bolt 12 yakan haura 20 idan babu kaya a kansa. Kowane batir kuma a sa masa fis dab da kansa, saboda yana iya narkar da waya cikin ƙiftawar ido.

Ranar kunnawa

Fis na farko yana zama ne a mashigar taransifoma, a kan waya mai wuta. Ga VA 120, amfiya 1 mai jinkirin yankewa, wanda ake sa wa harafin T, ya isa. Idan akwatin na ƙarfe ne, a ɗaure shi da wayar ƙasa. A rufe duk wani haɗi na wutar gari da robar da ke tsukewa da zafi. Manyan kafasitoci suna riƙe wuta bayan an kashe, don haka a gicciya wa kowacce rezista mai om 2,200 da wat 2 don ta riƙa zubarwa a hankali.

Ka gwada sashen wuta shi kaɗai tukuna, bod a cire. Mita ta nuna maka lambar da ka lissafa, ɓangarorin biyu kuma su yi kusan daidai da juna. Sannan ka yi dabarar da tsofaffin masu gyaran rediyo suka daɗe suna yi: ka sa ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a jere da mashigar taransifoma. Ƙwan LED ba zai yi wannan aiki ba. Idan komai lafiya, ƙwan zai yi haske na ɗan lokaci ya dushe. Idan ya tsaya da haske, akwai kuskure a haɗin, kuma ƙwan ya tare wutar da za ta yi ɓarna. Bayan wannan sai ka haɗa bod, lasifika a cire, ka auna mafitarsa. A bod mai ɓangare biyu, ya kamata ka ga kusan sifili. Idan ka ga bolt ɗaya ko fiye, kada ka kusanto da lasifika sai ka gano dalili.

Idan sauti ya fito, ka bar shi ya yi rabin sa'a, sannan ka kai yatsa kusa da ƙarfen da ayisin ke manne. Ɗumin da za ka ji shi ne kason wutar da bai zama sauti ba, kuma a watan Afrilu, lokacin da iskar ɗaki kanta ta haura digiri 40, yana iya kashe amfilifayar da lissafin wutarta ya yi daidai. Babi na gaba zai yi bayanin yadda ake auna wannan zafi, da girman alminiyam ɗin da zai kwashe shi, da lokacin da fanka ta zama dole.